Ɓera a Ɗakin Ajiya: Yadda Gidajen Tarihi Suka Bar Guba Suka Koma Tarko

A watan Fabrairun 2016, ma'aikatan gidan adana kayan tarihin rayuwar karkara na Jami'ar Reading, a Ingila, suka tarar da mataccen ɓera a ɗakin ajiyarsu. Gawar ɓera a sito ba labari ba ce. Abin da ya sa jaridun duniya suka ɗauki zancen shi ne wurin da ajali ya same shi: cikin wani tsohon tarko da ke jerin kayan tarihin gidan, mai lamba da rajista, wanda aka yi wa takardar mallakar ƙirƙira tun 1861. Colin Pullinger, mutumin garin Selsey da ke bakin teku a kudancin Ingila, shi ya ƙago shi. Akwatin katako ne mai ɗaki biyu da ƙofa a tsakiya. In ɓera ya shiga ya taka wani ɗan allo mai rinjaya, sai allon ya karkata ya rufe shi a ɗaki guda, kuma wannan karkatar ita ce ke sake ɗana tarkon don mai zuwa. Shekara 155 bayan ƙirƙirarsa ya yi aikinsa, alhali ba wanda ya sa masa ko ƙwayar hatsi.

Wannan batu na rashin koto shi ya fi jan hankalin masu kula da kayan tarihi, domin tambayar abin da za a sa a bakin tarko ta daɗe tana raba kawunansu. A gida, tambaya ce mai sauƙi: a sa guntun kifi ko ɓarɓashin burodi, a kwanta. A ɗakin ajiyar gidan tarihi kuwa, inda aka hana ma'aikaci shiga ko da alawa a aljihu, ɗana tarko da abinci tamkar karya dokar gidan ne da hannun mai gidan. Yadda aka kai ga wannan tsananin taka-tsantsan labari ne na kusan shekara 300, kuma yawancinsa labarin guba ne.

A Oxford aka ga ɗaya daga cikin manyan asarorin farko. Iyalan Tradescant, masu lambu kuma masu tara abubuwan ban mamaki a Landan, suna da cusasshiyar gawar tsuntsun nan na tsibirin Mauritius da Turawa ke kira dodo, wanda jinsinsa ya ƙare a duniya a ƙarni na 17. Kundin kayansu na 1656 ya ambace shi. Kayan suka koma hannun Elias Ashmole, shi kuma ya ba Jami'ar Oxford, aka buɗe gidan tarihi na Ashmolean a 1683. Da aka zo duba kaya a 1755, tsuntsun ya riga ya ruguje ta yadda ba a iya ceto komai ba sai kai da ƙafa ɗaya. Su ne har yau a Oxford, kuma duk duniya babu inda fatar wannan tsuntsu ta saura sai a jikinsu.

Ba sakacin mutum ɗaya ba ne. A wancan zamani duk mai tara fatun tsuntsaye ya san dukiyarsa ta ɗan lokaci ce. Masanin halittu na Faransa, Réaumur, ya yi ta kokawa a shekarun 1740 kan yadda ƙwari ke cinye tsuntsayen da aka sha wahalar kawowa daga nesa. An gwada jiƙa su a barasa, an gwada busar da su a tanda, an cusa musu taba da barkono da alif da kayan ƙamshi. Asu da ƙananan ƙwari masu cin busasshiyar fata ba su fasa ba.

Mafita ta fito daga hannun wani mai haɗa magunguna a birnin Metz, Jean-Baptiste Bécœur. Ya haɗa farar gubar arsenik da sabulu da kafur da farar ƙasa da wani gishiri dangin kanwa, ya samu wani kwaɓi da ake shafa wa cikin fata kafin a cusa ta. Ya ɓoye sirrin har ya mutu a 1777. Sai a farkon ƙarni na 19 Louis Dufresne, na gidan tarihin halittu na Paris, ya wallafa yadda ake haɗawa, daga nan sabulun arsenik ya bazu ko'ina. Dole a ba Bécœur haƙƙinsa: ba don sabulunsa ba, da miliyoyin fatun tsuntsaye da ke manyan gidajen tarihi yau sun zama ƙura, da kuma ilimin rarrabe jinsin tsuntsaye bai tsaya da ƙafarsa ba. An ci gaba da amfani da shi a wasu wurare har shekarun 1970 zuwa 1980.

Bayan arsenik sai ƙofa ta buɗe. Aka shafa wa busassun ganyaye gishirin zaiba, aka zuba ƙwayoyin kafur na naftalin a kowace durowa. Da Paul Müller ya gano ƙarfin DDT a 1939, har ya ci kyautar Nobel a 1948, gidajen tarihi suka bi sahun manoma suna fesawa. Aka yi ta turara ɗakuna da iskar methyl bromide. A Birtaniya an dogara ƙwarai da wasu 'yan sanduna masu fitar da tururin dichlorvos, sinadarin da aka fi samu a cikin fiya-fiyar kasuwanninmu, ana rataye su a cikin kabad.

Duk wannan yaƙi da ƙwari ne. Ɓera kuwa, tun asali kyanwa aka haɗa shi da ita.

A 1745 sarauniyar Rasha, Elizabeth, ta ba da umarni a kawo kyanwoyi daga birnin Kazan, wanda aka san shi da masu iya kamu, don su tsare fadarta a Saint Petersburg. Fadar sarakunan ce daga baya ta zama cibiyar gidan tarihi na Hermitage, wanda sarauniya Catherine ta assasa a 1764, kuma kyanwoyin ba su bar aiki ba. A lokacin ƙawanyar da sojojin Jamus suka yi wa birnin daga 1941 zuwa 1944, yunwa ta ƙarar da su, ɓeraye suka cika gari, sai da aka sake shigo da wasu daga wasu sassan ƙasar. Yau ma akwai gomman kyanwoyi a ginin, da masu ba su abinci da likitansu, amma a ƙarƙashin ƙasa da tsakar gida suke zama. Ba a bari su shiga inda zane-zane suke. Gidan tarihi na Birtaniya a Landan shi ma ya yi nasa muzurun, Mike, wanda ya shafe kusan shekara 20 a bakin babbar ƙofa yana korar tattabaru. Da ya mutu a 1929, masanin tarihin Masar Wallis Budge ya rubuta masa ɗan littafin ta'aziyya.

Labarin kyanwa yana da daɗin ji, amma ba mai kula da kaya na zamani da zai saki kyanwa a ɗakin ajiya. Tana zubar da gashi, gashi kuma abincin asu ne. Tana fitsari, tana wasa farce a jikin abin da ta samu, tana barin rabin gawa a bayan kabad. Kwanon abincinta ma kira ne ga wanda aka kawo ta kora.

Tarkon waya mai tsalle, wanda kowa ya sani, ɗan ƙarshen ƙarni na 19 ne. William Hooker na jihar Illinois a Amurka ya yi rajistar nasa a 1894. James Henry Atkinson na Leeds ya fito da nasa tarkon, Little Nipper, kafin ƙarnin ya ƙare, ya kuma sayar wa kamfanin Procter da haƙƙin a 1913 kan fam 1,000. John Mast na Pennsylvania ya samu tasa takardar a 1903, ita ce asalin tarkon Victor. Ɗan katako, waya mai ƙarfi, ɗan ƙarfen da ake ɗora koto: fasalin bai canja sosai ba har yau.

Sai dai a tsakiyar ƙarni na 20 an yi zaton kwanan tarko ya ƙare. A 1933 wani manomi ya iso Jami'ar Wisconsin da matacciyar saniya da gwangwanin jini da ya ƙi daskarewa, yana neman a gaya masa abin da ke kashe masa dabbobi. Malamin jami'ar, Karl Paul Link, da ɗalibansa suka bi diddigi har suka gano sinadarin da ke cikin ruɓaɓɓiyar ciyawar da shanun ke ci, wanda ke hana jini daskarewa. Daga shi aka samar da warfarin, aka fitar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948. Ya bambanta da tsofaffin gubobi da ke kashewa nan take, waɗanda ɓeraye ke gane su su ƙaurace musu. Wannan sai an yi kwanaki ana ci kafin ya kayar, don haka ɓera ba ya alaƙanta ciwonsa da abin da ya ci. Murna ba ta daɗe ba. A 1958 aka samu manyan ɓeraye a Sikotlan da maganin ba ya yi musu komai, ba da jimawa ba aka ga haka a ƙananan ɓerayen gida, sai aka ƙago masu ƙarfi irin su brodifacoum a shekarun 1970.

Wannan jinkirin kisa, wanda shi ne amfanin maganin a gona da sito, shi ne aibinsa a gidan tarihi. Ɓeran da ya ci shinkafar ɓera ba ya mutuwa a gaban kowa. Yakan lallaɓa ya shige cikin bango, ko ƙarƙashin daɓen katako, ko bayan akwatin da ba a motsa ba shekara goma, ya mutu a can. Da farko ƙudaje su zo. In gawar ta bushe, sai ƙwarin nan masu cin fata da gashi su yi ƙwai a kanta, asu ma ya samu wurin haihuwa. Idan suka cinye ta, 'ya'yansu sai su bazu neman abinci na gaba, abinci na gaba kuwa shi ne rigar ulu ta ƙarni na 18 da hular gashin tsuntsu da ke kan kanta. Ita kanta gubar da hatsi ake haɗa ta, kuma akwai ƙwaron da ke cin busasshen hatsi da manne littattafai wanda sinadarin ba ya dame shi, sai ya mai da akwatin guba gidan haihuwarsa. Ga kuma halin ɓera na jido: yakan kwashi ƙwayoyin, masu rinin shuɗi ko kore, ya kai su ya tara a cikin aljihun tsohuwar riga ko cikin tukunya mai shekara dubu.

Abin da ya fi girgiza sana'ar ya zo ta wata hanya da ba a zata ba. A 1990 Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa gidajen tarihi mayar wa 'yan asalin ƙasar ƙasusuwan kakanninsu da kayan ibadarsu. Al'ummar Hopi ta jihar Arizona ta karɓi wasu kayanta masu tsarki, irin waɗanda ake sawa a fuska ana ajiyewa a ɗakunan da mutane ke zama, sai gwaji ya nuna akwai arsenik a jikin wasunsu. Al'ummar Hoopa ta California ma ta tarar da zaiba da DDT da naftalin a kayan rawarta da aka dawo mata da su. Nancy Odegaard ta Jami'ar Arizona na cikin waɗanda suka duƙufa kan gano irin waɗannan gubobi a jikin kaya. A 2023, da Jamus ta mayar wa al'ummar Kogi ta Kolombiya wasu fuskokin katako biyu na ƙarni na 15, sai da aka yi ta muhawara ko za a iya ɗora su a fuska, saboda maganin ƙwarin da aka fesa musu a Berlin a tsakiyar ƙarnin jiya. Abin baƙin ciki ne a raba mutane da abin ibadarsu shekara ɗari, sannan a dawo musu da shi a yanayin da ba za su iya taɓa shi da hannu ba. Manyan riguna da sirada da gafakoki da takalman fata na ƙasar Hausa da ke gidajen tarihin Turai sun ratsa wannan zamani su ma, don haka duk wanda zai zauna teburin neman a dawo da su ya kamata ya nemi tarihin abin da aka shafa musu tare da su.

Dokoki ma suka yi ta rufe ƙofofi. Amurka ta hana DDT a 1972, shekara goma bayan littafin Rachel Carson da ya tona illarsa. Yarjejeniyar Montreal ta sa ƙasashe masu arziki suka bar methyl bromide zuwa 2005. Birtaniya ta janye sandunan dichlorvos a 2002, kuma masu kula da kaya a can sun shaida yadda asu ya dawo da ƙarfinsa bayan haka. Ala tilas aka ari wata dabara daga manoma, wadda masanan California suka tsara a 1959: a san maƙiyi, a hana shi shiga, a sa ido, a ajiye guba sai in komai ya gaza. Masanin ƙwari David Pinniger ya yaɗa ta a gidajen tarihin Birtaniya. Cibiyar adana kayan tarihi ta Kanada ta jera matakan: kauce wa abin da ke jawo su, toshe hanya, ganowa, ɗaukar mataki, sannan gyara ɓarna. Kayan da ƙwari suka shiga yanzu firiza ake sa su, mako guda a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, ko a rufe su a jakar da aka zuƙe iskar shaƙa. A 2021 masu kula da tsohon gidan Blickling a Norfolk har wasu 'yan mitsi-mitsin zanzaro suka saki, masu yin ƙwai a cikin ƙwan asu.

A cikin wannan tsari tarkon waya ya dawo da martabarsa, don dalili ɗaya: yana kashewa nan take, kuma yana barin gawar a inda za a gan ta.

Wanda zai ɗana shi sai ya san wanda yake jira. Ɓeran gida ba ya cin fiye da kimanin giram 3 a yini, kuma ɗanɗane yake yi nan da can. Yana iya rayuwa kusan ba ruwa in abincinsa na da ɗan danshi. Ramin da bai wuce milimita 6 ba ya ishe shi shiga, shi ya sa ma'aikata ke yawo da fensir suna zura shi ƙarƙashin ƙofa: in fensir ya wuce, ɓera ma zai wuce. Macen tana haihuwa bayan kwana 19 zuwa 21, 'ya'ya biyar ko shida a kai a kai, su kuma cikin mako shida sun isa haihuwa. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, don haka dole ya yi ta gaigaya, ko katako ne ko fata ko wayar lantarki. Yana tafe yana ɗiga fitsari, yana barin kashi gommai a rana. Ɓarnarsa mafi muni a ɗakin ajiya ma ba ta ci ba ce, ta sheƙa ce: a dare ɗaya zai yayyage shafukan rubutun hannu ko gefen mayafin alharini don ya shimfiɗa wa kansa gado.

To, me za a sa wa tarkon? Cuku, wanda zanen barkwancin Turawa ya ɗaure wa gindi, ba shi ne zaɓin masana ba. Yana bushewa da wuri, kuma ɓera kan ɗauke shi ya gudu ba tare da tarkon ya tashi ba. Ɓeran gida mai son hatsi da ƙwaya mai maiƙo ne. Shi ya sa aka fi amfani da markaɗaɗɗiyar gyaɗa irin wadda ake shafa wa burodi, ko cakulan: ƙamshinsu na tafiya, kuma suna manne wa ƙarfen, sai ɓera ya tsaya lasa ya danna. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙamshin da ya kira ɓera shi ne zai kira tururuwa da kyankyaso, maiƙon kuma yana ɓaci in ya kwana biyu. Saboda haka abin da ake shafawa ba ya wuce ƙwayar wake, ana kuma canja shi a kai a kai, a goge tarkon.

Wasu sun gwammace su guji abinci ɗungurungum. Sukan ɗaura ɗan ƙullin auduga ko zare a jikin ƙarfen, su ƙulle shi sosai yadda sai an ja da ƙarfi. Macen da ke shirin haihuwa ba ta iya wuce shi, ita ce kuwa aka fi so a kama. Auduga ba ta ruɓa, ba ta wari, ba ta kiran kyankyaso. Rauninta shi ne ɗakin ajiyar gidan tarihi cike yake da lallausar takardar naɗe kaya, ga yadi, ga soso, ta yadda ɗan ƙullin auduga ba wani abin marmari ba ne a wurin. Hankali ya fi karkata ga cewa koto mai aiki shi ne abin da ya yi ƙaranci a ɗakin: inda abinci ya yalwata, kamar kusa da kantin shan shayi na baƙi, auduga ta fi, inda babu abinci sam, ɗigon gyaɗa ya fi saurin kawo ƙarshen magana, muddin akwai mai dubawa kullum. In babu mai dubawa, gara tarkon ya zauna ba komai, ko a yi amfani da irin na roba da ake sa wa ƙamshi tun daga masana'anta.

Tarko marar koto ma yana kamu, kamar yadda na Pullinger ya nuna, domin ƙaramin ɓera mai son leƙe-leƙe ne, saɓanin babban ɓera da ke ƙyamar duk sabon abu na kwanaki. Ga shi kuma ba ya son fili. Jikin bango yake bi, gashin bakinsa na shafar gini. In aka ajiye tarko a gicciye, bakinsa na fuskantar bango, a kan hanyar da kashinsa da baƙin maiƙon jikinsa suka nuna, zai taka shi ko da abinci ko babu. Ba ya kuma yin nisa da sheƙarsa, 'yan mitoci ne kawai, don haka tarkuna da yawa kusa da juna a daren farko sun fi guda biyu da za a bari wata guda.

Sauran ƙa'idojin duk daga tsoron gawa suka fito. A ƙasa ake ajiye tarko, ba a kan kantar kaya ba, kuma cikin ɗan akwati, don kada jini ya fantsama ko wayar ta doki wani abu. Ana duba shi kowace safiya. Wasu gidajen sun koma ga masu aika saƙo a waya da zarar sun tashi, don kada gawa ta kwana hutun ƙarshen mako. Da safar hannu ake ɗauka, kashin kuma jiƙa shi ake yi da ruwan bilic kafin a goge, ba a share shi a bushe, saboda cututtuka irin su hanta-bairos a Amurka da zazzaɓin Lassa a Afirka ta Yamma ta fitsari da kashin wasu ɓeraye suke yaɗuwa. Tarkon danƙo, wanda ɓera ke maƙalewa ya yi ta fama har ya mutu, ya fita daga hannun mutanen kirki tun kafin doka: Wales ta hana shi a 2023, Ingila kuma ta taƙaita shi ga masu lasisi a 2024.

Kowane tarko yana da lamba, lambar tana kan taswirar ginin, duk kamu kuma ana shigar da shi littafi da kwanan wata. Gidan tarihin halittu na Landan ya kasa gininsa shiyya-shiyya gwargwadon haɗari, aka fayyace inda za a ci abinci da inda ko furen kallo ba ya shiga. Amfanin littafin yana fitowa ne bayan watanni: in tarkon da ke kusa da bututun ruwa ya yi ta kamu duk farkon hunturu alhali sauran shiru, an san ta inda ake shigowa. Daga nan aikin ya koma hannun magini da kafinta. A cusa ragar ƙarfe a ramin a bi da siminti, domin ɓera na gaigaye kumfar toshe rami da roba cikin dare ɗaya, a sa wa ƙasan ƙofa burushi ko farantin ƙarfe, a janye kantoci daga jikin bango yadda tsintsiya da fitila za su iya shiga bayansu.